Agogo a Gaban Kwalba: Tarihin Neman Dokar Saurin Sauyin Sinadarai

Gabatarwa

Duk wanda ya san nono ya san cewa madarar da aka tatso da safe a lokacin bazara ba ta kaiwa la'asar sai ta yi tsami, alhali kuwa a cikin hunturu takan daɗe ba ta juya ba. Marini ya san kwanakin da baba zai yi a karofi kafin ya nuna, ya kuma san cewa sanyi yakan ƙara yawan kwanakin. Wato sanin cewa wani sauyi yana da sauri, wani kuma yana da nawa, tsohon sani ne da babu al'ummar da ta rasa shi. Abin da yake baƙo shi ne mayar da wannan sani zuwa lissafi, har mutum ya iya cewa bayan minti kaza abu kaza ne zai rage a cikin kwalba, kuma a duba a tarar haka ɗin ne.

Ɗalibin kimiyya na yau yana karɓar wannan lissafi a dafe. Akan rubuta masa layi guda a allo, a ba shi jadawalin ma'aunai ya haddace kafin jarrabawa, shi ke nan. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun mutanen da suka sha wahalar dahuwar, daga shekarar 1850 zuwa 1967, domin mu ga wani tarko da masana suka yi ta faɗawa a ciki, wanda kuma har yanzu ɗalibai ke faɗawa. Tarkon shi ne zaton cewa idan an rubuta sinadaran da suka haɗu da abin da suka haifar, to an san yadda saurin haɗuwar zai kasance.

Kafin mu tsunduma, ya kamata mu daidaita da mai karatu a kan wasu kalmomi. Idan muka ce sauyi, muna nufin rikiɗar wasu sinadarai zuwa wasu. Idan muka ce kauri, muna nufin yawan sinadarin da ke cikin kowace lita, kamar dai yadda ake cewa koko ya yi kauri ko ya tsinke. Ana auna wannan yawa da mol, wanda shi ne mudun masana sinadarai. Dokar sauri ita ce lissafin da ke nuna yadda saurin sauyi ya dogara da kauri. A cikin kowace irin wannan doka akwai wata tsayayyar lamba da ake yi wa alama da harafin k, wadda ba ta canjawa matuƙar zafi bai canja ba.

Sukarin Wilhelmy

A shekarar 1850 wani Bajamushe mai suna Ludwig Wilhelmy, wanda ya fara rayuwarsa da sana'ar haɗa magunguna kafin ya koma koyarwa a Heidelberg, ya buga sakamakon wani gwaji da ya yi da sukarin rake. An riga an san cewa idan aka narkar da sukari a ruwa aka zuba masa asid, yakan rabe gida biyu, ya zama gulukos da furuktos. Tambayar Wilhelmy ita ce, da wane irin sauri?

Matsalar da ke gaban duk mai irin wannan tambaya ita ce awo. Idan ka ɗebi kaɗan daga cikin kwalba don ka bincika, kafin ka gama binciken sauyin ya wuce inda ka bar shi. Dabarar Wilhelmy ita ce amfani da haske. Tun a farkon ƙarni na 19 Jean-Baptiste Biot na Faransa ya nuna cewa ruwan sukari yana karkatar da hasken da aka tace har ya zama yana kaɗawa ta fuska ɗaya kawai. Sukarin rake yana karkatar da shi zuwa dama, shi kuwa gaurayen gulukos da furuktos zuwa hagu yake kai shi, domin jan da furuktos ke yi zuwa hagu ya fi ƙarfin jan da gulukos ke yi zuwa dama. Ke nan da na'urar auna karkatar haske, wadda ake kira folarimita, mutum zai iya zama da agogo a hannu yana leƙawa, yana ganin sukarin yana raguwa ba tare da ya taɓa kwalbar ba.

Abin da ya gano shi ne, a kowane lokaci saurin raguwar sukarin yana tafiya daidai da yawan sukarin da ya rage. Mu ƙaddara cewa kashi 10 cikin 100 ke juyewa a cikin awa guda. Idan aka fara da 100, bayan awa ɗaya saura 90, bayan ta biyu saura 81, bayan ta uku saura kusan 73. Abin da ke tafiya a kowace awa yana ta raguwa, amma kason bai canja ba. Wilhelmy ya rubuta wannan da lissafin kalkulas, ya warware shi, ya kuma gwada da lambobin da ya samu, suka yi daidai. Wannan ita ce dokar sauri ta farko da aka rubuta a tarihin kimiyyar sinadarai.

Ya kamata mu ɗan dakata a nan, domin a cikin wannan doka ta farko akwai darasin da aka yi shekaru da dama kafin a fahimta. A rubuce, sauyin yana cewa sukari da ruwa ne suka haɗu. Amma ruwa bai fito a cikin dokar ba, saboda yawansa ya wuce misali: lita guda ta ruwa tana ɗauke da mol 55 da ɗoriya, don haka ɗan abin da sukari ya ci daga ciki ba ya ko nunawa. Shi kuma asid, wanda ba a cinye shi, wanda kuma ba ya cikin jerin abubuwan da suka haɗu ko waɗanda aka haifar, shi ne ke da ta cewa: in aka ƙara shi, sauri ya ƙaru. Wanda ke cikin rubutu bai bayyana a awo ba, wanda ba ya cikin rubutu kuma shi ke jan ragama.

Aikin bai samu karɓuwa ba. Masana sinadarai na wancan zamani hankalinsu yana kan gano sababbin sinadarai da tantance ƙirarsu, kuma yawancinsu ba su da sha'awar kalkulas. Wilhelmy ya rasu a 1864 ba tare da an san darajar abin da ya yi ba. Sai da Wilhelm Ostwald ya tono aikin, ya sake buga shi a 1891 cikin jerin tsofaffin muhimman rubuce-rubucen kimiyya da yake fitarwa, sannan sunansa ya shiga littattafai.

Surukai biyu a Nowe, abokai biyu a Ingila

A shekarar da Wilhelmy ya rasu, wasu mutum biyu a birnin Kiristiyaniya, wanda yanzu ake kira Oslo, suka gabatar da abin da aka sani da dokar tasirin yawa. Su ne Cato Guldberg, masanin lissafi, da Peter Waage, masanin sinadarai, waɗanda surukuta ta haɗa. Ra'ayinsu shi ne ƙarfin da ke tura sauyi ya dogara da kaurin sinadaran da ke haɗuwa. Da yake da harshen Nowe suka rubuta, kusan babu wanda ya karanta. Suka sake bugawa da Faransanci a 1867, nan ma shiru, sai a 1879 da suka rubuta da Jamusanci aka waiwaye su. Wannan kaɗai ya isa abin tunani ga duk mai rubutu da harshen da masana ba su cika karantawa ba.

Dokarsu ta yi matuƙar amfani wajen bayyana inda sauyi ke tsayawa idan ya daidaita. Sai dai ta bar wa na baya wata gurguwar fahimta. A rubutunsu na farko sun bar wa gwaji ya faɗi irin ƙarfin tasirin kowane sinadari, amma daga baya aka sauƙaƙa lamarin, har mutane suka ɗauka cewa lambobin da ke gaban sinadarai a rubutaccen sauyi su ne za a ɗauko a saka a dokar sauri. Wannan gaskiya ne idan sauyin a mataki ɗaya yake faruwa. Mafi yawan sauye-sauye kuwa ba haka suke ba.

A daidai wannan lokaci, a Jami'ar Oxford ta Ingila, an sami wani haɗin gwiwar mai kama da wancan: Augustus Vernon Harcourt yana gwaji, William Esson yana lissafi. Sun fara da haɗa famanganet da asid ɗin okzalik, suka tarar sun taro aradu da ka, domin sauyin matakai ne a jere, wani na haifar da wani. Wahalar ba ta tafi a banza ba, don a kanta ne Esson ya fitar da lissafin sauye-sauyen da ke bin juna. Daga nan suka koma ga wanda ya fi sauƙi, wato haidirojin ferokzayid da haidirojin ayodayid, wanda ke haifar da aidin.

Dabarar awonsu ta cancanci a bayyana ta, domin har yau ana yin irinta a ɗakunan gwaji na makarantu. Aidin yana mayar da ruwan sitaci shuɗi. Sai suka zuba sitaci a cikin kwalbar, tare da wani ɗan aunannen sinadari mai suna tayosalfet, wanda ke cinye aidin da zarar ya fito. Muddin akwai sauran tayosalfet, ruwan fari ne tas. Da ya ƙare, sai ruwan ya rikiɗe shuɗi farat ɗaya. A rubuta lokaci, a ƙara wani awon na tayosalfet, shuɗin ya ɓace, a jira dawowarsa. Tazarar da ke tsakanin shuɗi da shuɗi tana ta ƙara tsawo, kuma wannan tsawo shi ne ma'aunin yadda sauyin ke rage gudu. A rubuce, ƙwayar ferokzayid ɗaya tana buƙatar ƙwayoyin ayodayid biyu. Mai bin rubutu zai ce idan aka ninka kaurin ayodayid sau biyu, sauri zai ninku sau huɗu. Agogo ya ce sau biyu ne kawai. Sun buga waɗannan ayyuka a 1866 da 1867.

Hanyar van 't Hoff

Wanda ya tattara waɗannan warwatsattsun bincike ya mayar da su fanni guda shi ne Jacobus van 't Hoff, mutumin Holan, a cikin littafin da ya buga da Faransanci a Amstadam a 1884 kan motsin sauyin sinadarai. Shi ne kuma ya fara karɓar kyautar Nobel ta wannan fanni a 1901. Babbar gudummawarsa ga batunmu ita ce ya bayar da hanyar da za a tambayi sauyi kai tsaye, ba tare da an yi masa zato ba.

Ga yadda take. A rubuta dokar da gurbi a buɗe: sauri daidai yake da k sau kauri, shi kuma kaurin an ninka shi a kansa sau n, inda n ita ce lambar da ba a sani ba. Sai a yi gwaji biyu da kauri daban-daban, a auna saurin kowanne. Idan aka ninka kauri sau biyu sauri ya ninku sau biyu, n ɗaya ce. Idan ya ninku sau huɗu, biyu ce. Idan ya ninku sau takwas, uku ce. Idan kuwa ko gezau bai yi ba, sifiri ce. Ko da abin bai faɗo a kan cikakkiyar lamba ba, logarizim zai fitar da amsa. Alal misali, ninkin da ya kai 2.83 yana nufin n ɗaya da rabi ce. Wannan lamba ita ce Ostwald ya raɗa wa sunan da za mu fassara da darajar sauyi. Idan sinadaran sun fi ɗaya, sai a keɓe su: a cika kwalbar da sauran har yawansu ya zama kamar ba ya raguwa, a bar guda ɗaya yana canjawa, a nemo darajarsa, sannan a koma kan na gaba. Jimlar darajojin ita ce darajar sauyin baki ɗaya. Mai karatu zai lura cewa abin da ruwa ya yi wa Wilhelmy ke nan ba da niyyarsa ba.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi kusa da ta Wilhelmy da Esson, wato a bar sauyin ya yi ta tafiya ana rubuta kauri da lokaci, sannan a zana. Idan kaurin kansa ne ya ba da miƙaƙƙen layi, darajar sifiri ce. Idan logarizim ɗinsa ne, daraja ta ɗaya. Idan kuma sai an raba ɗaya da kaurin layin ke miƙewa, ta biyu ce. Ko ba a yi zane ba, lokacin da rabi ke ɗauka kafin ya ƙare yana tona asiri. A daraja ta ɗaya, wannan lokaci ba ya canjawa ko da me aka fara. A ta biyu, kowane rabi yana cin ninkin lokacin wanda ya gabace shi.

Da irin waɗannan hanyoyi van 't Hoff da ɗalibansa suka auna rushewar iskar fosfin idan aka zafafa ta. A rubuce, ƙwayoyi huɗu ne ke rushewa su ba da fosfaras da haidirojin, don haka mai bin rubutu zai sa ran daraja ta huɗu. Awo ya ba da ta ɗaya. In aka yi tunani ma, hankali ba zai ɗauki cewa ƙwayoyi huɗu za su riƙa yin karo a wuri ɗaya a lokaci ɗaya ba. Rubutaccen sauyi lissafin shiga da fita ne kawai, kamar littafin mai shago da ke nuna kayan da aka kawo da waɗanda aka sayar, amma ba ya faɗin ta wace hanya motar ta biyo, ko a ina ta tsaya ta ɓata lokaci. Saurin kuwa a wurin tsayawar nan yake ƙayyaduwa.

Abin da ma'aunin k ke faɗa

A nan ne muka iso ga abin da ke ba ɗalibai ciwon kai, alhali shi ne mafi sauƙi a cikin fannin. Nisa kullum da mita ake auna shi, nauyi da kilo. Ita kuwa k ba ta da ma'auni guda, yana sauyawa daga wannan sauyi zuwa wancan. Dalili shi ne ɓangaren hagu na dokar a tsaye yake: sauri kullum mol ne a kowace lita a kowane sakan. Ɓangaren dama kuwa yana ɗauke da kauri sau nawa ne daraja ta ce. Dole k ta ɗauki duk ma'aunin da zai sa ɓangarorin biyu su yi daidai.

A daraja ta ɗaya, kauri ɗaya ne a dama, ya kashe na hagu, sai a bar k da s⁻¹, wato kaza a kowane sakan. A daraja ta biyu kauri biyu ne a dama, ɗaya ya yi rara, don haka k ta zama L mol⁻¹ s⁻¹. A ta uku rarar biyu ce, sai ta zama L² mol⁻² s⁻¹. A darajar sifiri babu kauri a dama sam, k ita ce saurin kansa, mol L⁻¹ s⁻¹. Ƙa'idar ɗaya ce: a cire daraja daga ɗaya, abin da ya fito shi ne ƙarfin da za a ɗora wa mol a lita, sannan a raba da lokaci. Wanda ya riƙe wannan ba ya buƙatar haddar jadawali. Kuma abin yana aiki ta baya, domin duk wanda ya ga ma'aunin k a takarda ya san darajar da mai binciken ya samu ko da ba a faɗa masa ba.

Daga nan abubuwa biyu suka biyo baya. Na farko, ba a gwada k ta daraja ɗaya da k ta wata daraja a ce wannan ta fi girma, domin tamkar gwada mudu da kamu ne. Na biyu, k ta daraja ta ɗaya ba ruwanta da irin mudun da aka auna kauri da shi. Abin da ya sa Wilhelmy bai buƙaci mol ba ke nan, kalmar da ma sai a shekarun 1890 Ostwald ya ƙirƙiro ta, kuma sai a 1971 aka shigar da ita cikin manyan ma'aunan duniya. Kusurwar karkatar haske ta ishe shi. A sauran darajoji kuwa mudu yana da muhimmanci ƙwarai. Masu nazarin iskar sararin sama sukan ƙirga ƙwayoyi a cikin santimita mai fuska shida maimakon mol a lita, kuma tsakanin lambarsu da ta masu aiki da ruwa akwai ninki na 6.022 × 10²⁰. Mai karanta tsofaffin mujallu kuma sai ya yi hattara, don da yawa da minti suka yi awo, wasu kuma sun yi amfani da logarizim na goma, wanda ke sa lambarsu ta gaza da ninki 2.303.

Faɗin filin da wannan lamba ke rufewa abin mamaki ne. A shekarun 1950 Manfred Eigen na Jamus ya auna haɗuwar ƙwayar asid da ta alkali a cikin ruwa, sauyin da a da ake cewa ba ya aunuwa don sauri, ya samu k ta kai kimanin 1.4 × 10¹¹ L mol⁻¹ s⁻¹. A ɗaya gefen kuma akwai kabon-14, wanda rabinsa ke ɗaukar shekara 5,730 kafin ya rushe, wato k kimanin 0.000121 a shekara. Rushewar cibiyar ƙwayar zarra ba sauyin sinadari ba ce, amma lissafinta shi ne dai na sukarin Wilhelmy. Itacen da ya yi shekara 8,000 da sarewa zai rage da kusan kashi 38 cikin 100 na kabon-14 ɗinsa, kuma da irin wannan awo aka gane cewa kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987 ya kai kimanin waɗannan shekaru. Haka nan ranar lalacewa da ake bugawa a kwalin magani, sau da yawa daga irin wannan k ake fitar da ita, ta hanyar lissafa lokacin da kashi 10 cikin 100 na maganin zai rushe. Da yake Svante Arrhenius na Suwidin ya nuna tun 1889, shi ma da nazarin juyewar sukari, cewa k tana hawa da sauri idan zafi ya ƙaru, maganin da ya yini a rana a kan tiren mai talla ba ya jiran ranar da ke jikin kwalinsa.

Sauyin da ba shi da daraja guda

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 an fara jin kamar an gama: daraja ɗaya ce, ko biyu, ko uku. Sai sukari ya sake dawowa. A 1913, a Balin, Leonor Michaelis da Maud Menten, likita 'yar Kanada, suka raba sukarin rake da wani enzayim da ake samu daga yisti maimakon asid, suna auna saurin a farkon tashi kafin abubuwan da aka haifar su taru su dame lissafi. Idan sukari kaɗan ne, sauri yana bin kauri kamar a daraja ta ɗaya. Idan ya yi yawa, sauri ya kai maƙura ya tsaya, daraja ta koma sifiri. Enzayim ɗin kamar injin niƙa ne guda a unguwa: idan layi ya riga ya yi tsawo, ƙarin masu kawo niƙa ba ya ƙara yawan garin da ke fita.

Wanda ya fi kowa daɗewa a kan wannan matsala shi ne Max Bodenstein na Jamus. A shekarun 1890 ya yi nazarin haɗuwar haidirojin da aidin. Yakan rufe iskokin a cikin ƙananan kwalabe na gilashi, ya zafafa su a cikin tururin abubuwa masu tafasa, har da farar wuta, na wani ƙayyadadden lokaci, ya sanyaya su da gaggawa don sauyin ya tsaya, sannan ya fasa ya auna. Sakamakon ya fito tsaf: daraja ɗaya ga haidirojin, ɗaya ga aidin, jimla biyu, daidai da yadda rubutu ya nuna. Aka ɗauki wannan a matsayin cikakken misalin ƙwayoyi biyu da ke karo su musanya abokai a mataki ɗaya.

Buromin ɗan uwan aidin ne, gidansu ɗaya a jadawalin sinadarai, kuma rubutaccen sauyinsa da haidirojin bai bambanta da na aidin ba ko da wasali. Amma da Bodenstein da wani Ba'amurke mai suna Samuel Lind suka auna shi a wajajen 1907, abin da suka samu ya ɗaure wa kowa kai. Darajar haidirojin ɗaya ce, ta buromin kuwa rabi. Ban da haka, abin da sauyin ke haifarwa, wato haidirojin buromayid, yana komawa ya rage wa sauyin gudu, don haka ya fito a ƙasan lissafin a matsayin mai rabawa. A farkon tashi jimlar daraja ɗaya da rabi ce, ma'aunin k kuma ya zama lita da mol masu ƙarfin rabi, abin da ba shi da wata siffa da hankali zai kama. Da tafiya ta yi nisa ma, ba a iya cewa ga darajarsa.

Abin yabo a nan shi ne sun buga dokar yadda suka same ta, ba su matse ta don ta shiga cikin tsarin da aka saba ba, ko da yake ba su da bayaninta. Ta zauna haka fiye da shekara goma. A tsakanin 1919 da 1920 mutum uku, Jens Christiansen da Karl Herzfeld da Michael Polanyi, kowa a nasa wurin, suka kawo bayani iri ɗaya. Ƙwayar buromin ce ke fara tsagewa zuwa zarra biyu. Zarrar buromin ta fizgi haidirojin ɗaya ta saki ɗayan, shi kuma wanda aka saki ya afka wa wata ƙwayar buromin ya saki wata zarrar, haka sarƙar za ta yi ta tafiya har sai zarra biyu na buromin sun gamu sun koma ƙwaya. Rabin nan da ya rikita mutane daga tsagewar farko ya fito, domin idan abu ɗaya yana rabewa biyu, yawan gutsattsarin yana bin tushen murabba'in kaurinsa ne. Rage gudun kuma ya zo ne daga zarrar haidirojin da kan yi karo da haidirojin buromayid ta warware aikin da aka riga aka yi. Da aka haɗa lissafin waɗannan matakai biyar, sai ga dokar Bodenstein da Lind ta fito cif, har da mai rabawar da ke ƙasa.

Saura aidin, wanda kowa ya sakankance da shi. Kusan shekara 70 littattafai suna kawo shi a matsayin misalin karo na mataki ɗaya, tun da dokarsa ta yi daidai da rubutunsa. A 1967 John Sullivan, a ɗakin bincike na Los Alamos a Amurka, ya yi amfani da haske ya tsaga ƙwayoyin aidin a yanayin da zafi bai kai ya tsaga su ba, ya auna saurin da zarrar ke haɗuwa da haidirojin. Lambobin da ya samu sun hau layi ɗaya da na sauyin da ake yi da zafi. Abin da wannan ya nuna shi ne aidin ma tsagewa yake fara yi, sannan zarra biyu su haɗu da ƙwayar haidirojin. Da yake zarra biyu ake buƙata, tushen murabba'in nan ya ninku a kansa ya koma cikakken kaurin aidin, dokar ta fito da daraja biyu, kamar dai ƙwayoyin ba su taɓa tsagewa ba. Awon Bodenstein yana nan daram, ma'aunin k ɗinsa ma yana nan a L mol⁻¹ s⁻¹, fassarar da aka ɗora masa ce aka sauke.